Giannis da Milwaukee: kuɗin ya yi yawa ne, kuma za su iya riƙe shi?

Sadiq_Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Tun da labari ya fito a farkon watan Yulin nan na 2025 cewa Milwaukee Bucks, ƙungiyar ƙwallon kwando a gasar NBA ta Amurka, sun sallami Damian Lillard sun ɗauko Myles Turner daga Indiana, maganar tauraronsu Giannis Antetokounmpo take ta yi min yawo a rai. Dala miliyan 54 da 'yan kai zai karɓa a kakar 2025-26. Ga shi shekara uku a jere ana fitar da su tun a zagayen farko na wasannin fidda gwani: Miami a 2023, Indiana a 2024, Indiana ɗin dai a 2025. Tambayata biyu ce. Wannan kuɗi bai yi wa kulob irin Milwaukee nauyi ba? Sannan ko da za su iya biya, anya za su iya riƙe shi? Ni a ganina tafiya zai yi, kuma ba za a wuce shekara guda ba. Masana ku zo ku warware mana.

Bash_Lakers: Wa alaikumus salam. Tafiya kam zai yi. Babban ɗan wasa ba ya tsufa a ƙaramin gari.

Hauwa_Tudunwada: Bash, Dirk Nowitzki kaka 21 ya yi a Dallas, Tim Duncan 19 a San Antonio. San Antonio babban gari ne a harkar talla? Kada mu fara da abin da ba haka yake ba.

Issoufou_Damagaram: Sannunku 'yan'uwa. Ni na fi sanin ƙwallon ƙafa, kwando kwanan nan na fara bi. Abin da ban gane ba: in har ya fi ƙarfinsu, me ya hana su sayar da shi ga kulob mai kuɗi su karɓi miliyan 200 su sayi mutum biyar? Ba haka ake yi a Turai ba?

MalamLissafi: Malam Issoufou, a NBA ba a sayar da ɗan wasa da kuɗi kamar yadda Napoli za ta sayar wa wani kulob. Musaya ake yi. Ka ba ni ɗan wasa, in ba ka 'yan wasa waɗanda albashinsu ya yi kusa da nasa, in haɗa maka da haƙƙina na zaɓen sababbin yara a shekaru masu zuwa. Tsabar kuɗin da aka yarda a saka a cikin cinikin kaɗan ne ƙwarai, bai isa a yi maganarsa ba a kan mutum irin Giannis.

Sai kuma maganar Sadiq ta farko. Akwai iyakar albashi da hukumar gasar take sa wa kowace ƙungiya duk shekara. Ta 2025-26 dala miliyan 154.6 ce. Ɗan wasan da ya yi shekara 10 ko fiye a gasar, ƙarshen abin da za a fara biyansa shi ne kashi 35 cikin 100 na wannan iyaka. Ku buga lissafin: kashi 35 na 154.6 ya ba ku 54.1. To ka ga ba Milwaukee ce ta zauna ta yanke masa farashi ba, doka ce ta tsayar da shi a nan. Da babu wannan doka, da kasuwa ce take magana, wallahi akwai ƙungiyoyin da za su ba shi miliyan 80 ko fiye su ce sun yi riba. Wanda yake ci wa kulob maki 30 kowane dare, yake cika filin wasa, yake sayar da riga a duniya, a kashi 35 arha ne. Nauyin Milwaukee ba a kan albashin Giannis yake ba. A kan sauran kashi 65 ɗin yake.

Sadiq_Fagge: Malam, na ji. Amma na tuna a 2023 da ya sabunta an ce miliyan 186 ne na shekara uku. In ka raba uku ai ya fi 54.

MalamLissafi: Wancan hasashe ne aka yi a lokacin, a kan zaton iyakar za ta yi ta hawa da sauri. Kwantiragin ba a rubuta shi da adadi tsayayye ba, kashi 35 ne na iyakar shekarar da zai fara aiki, sannan ƙarin kashi 8 duk shekara. Da aka sanar da iyakar bana sai ya zama 54.1, sai 58.5 a 2026-27, sai 62.8 a 2027-28. Jimla kusan miliyan 175. Kuma ku lura da ta ƙarshen nan: zaɓinsa ce. In ya ga dama ya ce ba ya so, ya fita kasuwa a bazarar 2027. Saboda haka abin da Milwaukee take da tabbas a kai kaka biyu ce kawai.

Zango_Kumasi: Miliyan 54 a shekara ɗaya! Allah mai iko. Yaron da yake talla a titin Atina da ɗan'uwansa, yana sayar da agogo da tabarau.

Nasiru_Chicago: Ɗan'uwa na Kumasi, kada adadin ya ruɗe ka, ba duka yake shiga aljihu ba. Harajin gwamnatin tarayya ga masu irin wannan samu kashi 37 ne. Jihar Wisconsin tana da nata, sama da kashi 7. Duk garin da suka je wasa, in jihar tana karɓar haraji sai ta yanki nata na kwanakin da suka yi. Wakilinsa yana iya ɗaukar har kashi 4. Kusan rabi ke tafiya. Shi ya sa in ana maganar inda zai koma ake yawan kiran Houston da San Antonio da Miami, domin Texas da Florida ba su da harajin jiha a kan albashi. Ga mai miliyan 60 wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Amma ni da nake kusa, tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga nan zuwa Milwaukee, zan gaya muku abin da na gani. Na je kallon wasa a Fiserv Forum, filin wasan Bucks. Garin nan ba su da wani mutum kamar sa. Hotonsa a bango, yara farare da baƙaƙe duk lamba 34 a bayansu. Shi ma ya sayi hannun jari a ƙungiyar Brewers ta wasan baseball ta garin tun 2021, a can ya haifi 'ya'yansa. Ba irin wanda zai tattara jaka a dare ɗaya ba ne.

Bash_Lakers: Luka ma hotonsa yana bangon Dallas. Cikin dare aka wayi gari yana Lakers.

Hauwa_Tudunwada: Wannan ai akasin maganarmu ce. Luka Doncic bai nemi tafiya ba, kulob ne ya ji tsoron ba shi miliyan 345 na shekara biyar ya miƙa shi a watan Fabrairu ya karɓi Anthony Davis. A Milwaukee kulob ne yake roƙo, ɗan wasa ne yake tunani.

Ummi_Kwando: Ni abin da yake ɓata min rai a duk wannan shi ne yadda ake ɗora masa laifin fita a zagayen farko. Ku tuna mana. A 2023 ya faɗi a kan bayansa a wasan farko da Miami, bai buga na biyu da na uku ba. A 2024 ciwon sha-raɓa ya hana shi buga ko wasa ɗaya da Indiana. A bana lafiyarsa ƙalau, kuma me ya rage bai yi ba? A wasa na biyar maki 30, ya cafke ƙwallo 20 a gindin kwando, ya ba da 13 aka ci. Suna gaba da maki bakwai saura daƙiƙa 40 a ƙarin lokaci, abokan wasansa suka yi ta zubar da ƙwallo har Haliburton na Indiana ya ci ta ƙarshe, 119 da 118. Na kwana ban yi barci ba don in kalli wasan nan, da aka tashi hawaye ne kawai ban yi ba. Mutum ya yi wannan a ce kuɗinsa ya yi yawa?

Sadiq_Fagge: Yaya Ummi ban ce bai cancanta ba. Cewa na yi ko kulob ɗin zai iya ɗauka.

Ummi_Kwando: To ai Malam ya amsa maka wannan. Masu kulob ɗin ba talakawa ba ne. Da Jimmy Haslam ya sayi kason Marc Lasry a 2023, an ƙiyasta darajar ƙungiyar dala biliyan 3.5. A 2014 miliyan 550 aka saye ta. Wa ya kawo wannan hauhawa in ba Giannis da kofin 2021 ba? Ga sabuwar yarjejeniyar talabijin ta shekara 11 da Disney da NBC da Amazon, kusan biliyan 76, da za ta fara aiki a kakar nan, kuma raba ta ake yi tsakanin ƙungiyoyi. Kuɗin biya akwai.

Baba_TsohonKoci: Yarana, bari in kai ku baya kaɗan, don wannan ba shi ne karon farko da garin nan ya shiga irin wannan hali ba. A 1969 suka zaɓi Lew Alcindor, wanda ya musulunta duniya ta san shi da Kareem Abdul-Jabbar. A 1971, shi da Oscar Robertson suka ɗauko musu kofi. Ya zama gwarzon gasar sau uku yana sanye da rigarsu. Robertson ya yi ritaya a 1974, ƙungiya ta yi rauni, Kareem ya ce a kai shi New York ko Los Angeles, zaman garin bai dace da rayuwarsa ba. A 1975 suka ba Lakers shi suka karɓi mutum huɗu, cikinsu har da Junior Bridgeman, wanda ya rasu a watan Maris ɗin bana bayan ya zama ɗaya daga cikin masu kulob ɗin. Mutanen nan huɗu ba lalatattu ba ne, sun yi wa ƙungiyar aiki. Amma kofi? Shekara 50 cif suka jira, sai da Giannis ya ci maki 50 a wasa na shida da Phoenix. Kareem kuwa ya je ya ƙara kofi biyar a Lakers. Duk wanda yake shugabancin Milwaukee yau ya san wannan tarihi, shi ya sa kuke ganin suna yin abubuwan da a ido kamar ganganci ne.

DanZariya88: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan gangancin nake so a yi magana a kai. Lillard ya tsinke agara a wasa na huɗu da Indiana, ba zai buga kakar nan ba. Suna bin sa bashin, a'a, yana bin su bashin kusan miliyan 113 na shekara biyu. Sai suka sallame shi suka shimfiɗa kuɗin a kan shekara biyar, wato kusan miliyan 22.5 duk shekara har 2030, ana lissafa shi a cikin iyakar albashinsu, alhali mutumin ya koma Portland ya sa hannu a kan miliyan 42 na shekara uku. Duk don su sami gurbin ba Turner miliyan 107 na shekara huɗu. In ka haɗa abin da Turner zai ci da na Lillard da ba ya nan, kusan miliyan 50 ke nan a shekara a kan gurbi ɗaya. Turner ɗan wasa ne mai kyau, yana tare ƙwallo yana jefa ta nesa, ya dace da Giannis kamar yadda Brook Lopez ya dace da shi. Amma bai taɓa shiga wasan taurari ba. Ta yaya wannan zai sa Giannis ya zauna?

MalamLissafi: Ɗan Zariya ka taɓo inda ciwon yake. Ga kuma na biyu, wanda ya fi wannan muni: haƙƙin zaɓen sababbin 'yan wasa. A Nuwambar 2020 suka ba da zaɓe uku na zagayen farko da damar musanya biyu don su karɓi Jrue Holiday daga New Orleans. A Satumbar 2023 suka ba Portland na 2029 da damar musanya a 2028 da 2030 don su karɓi Lillard. Abin da wannan yake nufi, daga nan har 2030 babu shekarar da zaɓensu na zagayen farko yake hannunsu su kaɗai. Ko dai sun bayar, ko wani yana da ikon ya karɓe in ya fi nasa kyau. Sai 2031 za su sami kansu.

To ƙungiyar da take son taimaka wa tauraronta hanya uku take da su: ta zaɓi yara masu arha, ta yi musaya, ko ta ɗauko wanda kwantiraginsa ya ƙare. Ta farko a toshe take. Ta biyu ba su da abin bayarwa. Ta uku kuwa miliyan 22.5 na Lillard ya zauna a kai.

Abba_Barca: Wannan ya tuna min da Messi a 2021. Yana so ya zauna, har ya yarda a rage masa rabin albashi, dokar kashe kuɗi ta La Liga ta ce a'a. Yana kuka ya tafi Paris.

Hauwa_Tudunwada: Akwai kama amma ba ɗaya ba ne, Abba. A NBA doka tana barin ƙungiya ta wuce iyaka don ta riƙe ɗan wasanta na gida. Tun zamanin Larry Bird ake da wannan. Ba za a taɓa cewa Milwaukee ba ta da izinin sabunta wa Giannis ba. Abin da za ta fuskanta haraji ne in jimlar albashinta ta wuce miliyan 187.9, da kuma takunkumi in ta haura 207.8.

Issoufou_Damagaram: Wane irin takunkumi, Hajiya?

Hauwa_Tudunwada: Sabuwar yarjejeniyar 2023 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ce ta kawo shi. In ka haura wancan shinge na sama, ba za ka haɗa albashin mutum biyu ka karɓo mutum ɗaya mai tsada ba, ba za ka saka tsabar kuɗi a musaya ba, kuma za a daskarar maka da zaɓenka na shekara bakwai gaba, ba za ka iya cinikinsa ba. Shi ne ya sa Milwaukee ta rabu da Khris Middleton a watan Fabrairu ta karɓi Kyle Kuzma daga Washington, don ta sauko ƙasan shingen. Shi ne kuma ya sa Boston, da suka ci kofi a 2024, suka rabu da Holiday da Porzingis a watan Yuni. Dokar an yi ta ne don kada mai kuɗi ya tara taurari, amma ta fi cizon ƙungiyar da ta riga ta tsufa.

Ummi_Kwando: Middleton ɗin nan har yau abin yana min ciwo. Tare suka zo a 2013, tare suka sha kashi a kakar da suka ci wasa 15 kacal, tare suka ɗaga kofi. Kuzma kuma ya zo wasan farko da Indiana ya yi minti 20 da wani abu bai ci ko maki ɗaya ba.

Bash_Lakers: Shi ya sa na ce tafiya zai yi. A watan Mayu kafar labaran wasanni ta ESPN ta ruwaito cewa a karon farko ya buɗe zuciyarsa ya duba ko zamansa a can ne ya fi ko wani wuri. Hayaƙi ba ya tashi banza.

Nasiru_Chicago: An ruwaito, haka ne. Amma an sha ruwaitowa. A 2020 kowa ya ce Miami ko Toronto ko Dallas zai tafi, ƙungiyoyi har tanadin gurbi suka yi ta yi saboda shi. Milwaukee ta kawo Holiday a Nuwamba, a Disamba ya sa hannu a kan miliyan 228 na shekara biyar. A 2023 ya fito ya ce ba zai sabunta ba sai ya ga kowa a ƙungiyar kofi yake nema kamar yadda yake nema. Suka kawo Lillard a Satumba, a Oktoba ya sa hannu. Salonsa ke nan: ya matsa, su motsa, ya zauna. Turner shi ne motsi na uku.

DanZariya88: Yaya Nasiru, bambancin shi ne a wancan karo biyun akwai abin da za a sayar a gidan. Yanzu an sayar da gado an sayar da katifa, tabarma ta rage. In Turner bai isa ba, babu motsi na huɗu.

Baba_TsohonKoci: Ni da za su ji tawa, tun da Ɗan Zariya ya shigo, sai in tuna muku ɗan garinku Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya fara wasa a can. A 2018 ya ɗauki DeMar DeRozan, wanda duk Toronto take ƙauna, ya ba San Antonio ya karɓi Kawhi Leonard da saura shekara ɗaya a kwantiraginsa, ba tare da wani alkawarin zai zauna ba. Suka ci kofi a 2019, a hanya ma Milwaukee ɗin suka doke bayan an ci su biyu na farko. Kawhi ya tafi Clippers bayan wata guda. Akwai wanda ya yi nadama a Toronto? Abin da nake nufi, akwai ƙungiyoyin da za su ba da komai don Giannis ko da na kaka biyu ne. Farashinsa yau ya fi farashinsa na baɗi, na baɗi ya fi na shekara mai bi mata. Wannan agogon ne yake bugawa a kan shugabannin Milwaukee.

DanZariya88: Baba, Ujiri ai tun 2013 yake son yaron nan, ya yi ta neman hanyar da zai zaɓe shi bai samu ba, Milwaukee ta ɗauke shi a lamba 15. Da yana nan a Toronto da na ce a sa ido a can. Amma sun rabu da shi a ƙarshen watan Yuni.

Zango_Kumasi: Tambaya: shi ɗan Najeriya ne ko ɗan Girka? Kullum muna musu a kan wannan a majalisarmu.

Ummi_Kwando: A Atina aka haife shi a Disambar 1994, iyayensa daga Legas suka je, mahaifinsa marigayi Charles Bayarabe, mahaifiyarsa Veronica 'yar ƙabilar Ibo. Bai sami takardar zama ɗan Girka ba sai a 2013, dab da a zaɓe shi. Girka yake buga wa wasa, shi ya riƙe musu tuta a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Ya zo Najeriya a 2023 tare da mahaifiyarsa. Kowa yana da rabo a cikinsa, ku daina musu.

Sadiq_Fagge: Mu dawo kan magana don Allah. In Baba ya yi gaskiya cewa farashinsa sauka yake yi, me ya hana su yi irin ta Oklahoma? Sun ba da Paul George a 2019 suka karɓi Shai Gilgeous-Alexander da zaɓe biyar na zagayen farko. A 2025 ga su da kofi, Shai gwarzon gasa, har ya sabunta a kan miliyan 285 na shekara huɗu. Brooklyn ma zaɓe biyar ta karɓa a kan Mikal Bridges, wanda bai kama ƙafar Giannis ba.

MalamLissafi: Sadiq, Oklahoma da ta rushe gini ta sake, zaɓenta yana hannunta. Ta yi kaka biyu tana shan kashi, sakamakon shan kashin ya zo mata da Chet Holmgren a lamba 2 a 2022. Milwaukee in ta ba da Giannis ta faɗi ƙasan teburi, wa zai ci amfanin faɗuwar? Portland da New Orleans da waɗanda suka sayi haƙƙin daga hannunsu. Za ta sha wahalar, wani ya kwashi ladan. Sai dai in a cikin cinikin an shigo da waɗancan ƙungiyoyi sun mayar mata da zaɓenta, kuma su ma sun san darajar abin da suke riƙe da shi, ba za su bayar a banza ba. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin ba za su taɓa fara maganar musaya da kansu ba. Sai in shi ya shiga ofis ya ce a sallame ni.

Hauwa_Tudunwada: Kuma ranar da za a sani tana nan a rubuce. A Oktobar 2026 zai cancanci sabon ƙari, ana maganar kusan miliyan 275 na shekara huɗu. Za su ajiye masa takardar ranar farko. In ya sa hannu an gama. In ya ce a dakata, saura kaka ɗaya ke nan ya fita kyauta, kuma babu shugaban kulob da zai yarda ya rasa irin wannan mutum bai karɓi komai ba.

Abba_Barca: Miliyan 275 ga mai shekara kusan 32 a lokacin? Zai ƙare yana da 36. Wasansa na ƙarfi ne da gudu da kutsawa gindin kwando, ba irin Curry ba ne da zai tsaya nesa yana jefawa. In ƙafa ta fara gajiya fa? Nan ne nake ganin tambayar Sadiq ta farko tana da ƙarfi. Na yanzu arha ne, na yarda. Na gaba ne abin tsoro.

Ummi_Kwando: A kakar da ta wuce maki 30.4 yake ci a kowane wasa, ƙwallo 11.9, taimako 6.5, kuma sama da kashi 60 na jifansa yana shiga. Ya zo na uku a zaɓen gwarzo. Har jifar tsakiya da ake cewa ba shi da ita ya gyara a bana, duk wanda ya kalla ya gani. Mutumin da gwiwarsa ta lanƙwashe baya a wasan Atlanta a 2021, bayan mako ɗaya ya dawo ya buga wasan ƙarshe. Ni ban ga alamar gajiya ba tukuna.

Abba_Barca: Lillard ma ba a ga alama ba, 'yar'uwa. Da aka ba shi ƙarin nan a Portland a 2022 kowa cewa ya yi ya cancanta. Shi ne kuɗin da Milwaukee za ta yi ta biya har 2030.

Nasiru_Chicago: Akwai abin da ba a ambata ba: ɓangaren Gabas na gasar, inda Milwaukee take, a buɗe yake a kakar nan. Tatum na Boston ya tsinke agara a Mayu, Haliburton ya tsinke tasa a wasa na bakwai na ƙarshe, Indiana kuma ta rasa Turner. Cleveland da New York ne a gaba, sai Orlando da ta ɗauko Desmond Bane. In Giannis ya koma Houston ko San Antonio, Yamma ya shiga, inda Oklahoma da Denver da Minnesota da Lakers suke jira. Mai hankali zai duba wannan kafin ya motsa.

Bash_Lakers: To ai New York tana Gabas.

MalamLissafi: Tana Gabas, amma zaɓenta ta zuba wa Brooklyn a kan Bridges. Me za ta ba Milwaukee? Karl-Anthony Towns da albashinsa na sama da miliyan 50? Wannan ba ya gina ƙungiya sabuwa. Kuma Giannis ba shi da sharaɗin hana musaya a kwantiraginsa, ba zai tilasta musu wuri ɗaya a takarda ba. Ƙarfinsa kawai shi ne ya ce wa mai saye ba zan sabunta da ku ba, sai mai sayen ya ja baya ko ya rage tayi.

Baba_TsohonKoci: Ni damuwata koci ne. Budenholzer da ya ci musu kofi suka kore shi a 2023. Adrian Griffin suka kore shi a Janairun 2024 yana da nasara 30 rashin nasara 13. Doc Rivers ya zo, ban da ƙaramin kofin tsakiyar kaka da suka ci a Las Vegas a Disambar 2024, ban ga tsarin da ya kafa ba. Yanzu babu Lillard, ƙwallo za ta koma hannun Giannis daga farkon hari zuwa ƙarshe. In aka kewaye shi da masu jifar nesa, Turner da Gary Trent da AJ Green da Portis, aka yi gudu, za a ci wasanni da yawa a kaka. Amma wasannin fidda gwani daban ne. In aka gina masa katanga ta mutum uku kamar yadda Toronto ta yi a 2019, wa zai karɓi ƙwallo ya ƙirƙiro maki da kansa saura minti biyu? A 2021 Middleton ne. Yau Kevin Porter ne za a ba wannan aiki?

Sadiq_Fagge: Wato Baba kai ma kana gefena.

Baba_TsohonKoci: A'a ɗana. Kai ka ce ba za a wuce shekara ba. Ni na ce in suka kai zagaye na biyu suka yi faɗa na gaske, yaron nan zai iya zama, don na lura yana son a ce a gida ɗaya ya yi komai. In aka sake fitar da su a zagayen farko, ko kuma zuwa Janairu suna ƙasan teburi, to maganar za ta tashi tun kafin a rufe kasuwar musaya a Fabrairu.

Issoufou_Damagaram: Na ƙaru sosai. Tambaya ɗaya ta rage min: shi ba zai iya rage wa kansa albashi ba don a sami kuɗin kawo masa mataimaki? Na ji an ce wani ya yi haka a New York.

Hauwa_Tudunwada: Jalen Brunson ne, a 2024. Ya karɓi miliyan 156 da rabi na shekara huɗu, alhali da ya jira shekara ɗaya zai iya samun sama da haka da fiye da miliyan 100. Amma kwantiragin da yake gudana ba a rage shi a NBA, doka ba ta yarda ba. Sai dai a sabon da zai sa wa hannu, wanda ba zai fara aiki ba kafin 2027. Ko ya yafe miliyan 10 a shekara a lokacin, bai kai rabin abin da ake biyan Lillard ba.

DanZariya88: Kuma ni ban ga dalilin da zai sa shi ya biya kuɗin kuskuren ofis ba. Ba shi ya ba da zaɓe har na 2030 ba.

Nasiru_Chicago: Ba shi ya sa hannu ba, amma don shi aka yi, Ɗan Zariya, kuma da ba a yi ba da tun 2020 muke wannan muhawarar. Cinikin Holiday ya kawo kofi. Na Lillard ne bai kawo ba, kuma ranar da aka yi shi ban ji mutum ɗaya a nan da ya ce kada a yi ba.

Ummi_Kwando: Ni na ce. Na ce tsaron baya zai mutu in Holiday ya tafi, kuma Indiana ta nuna mana haka shekara biyu a jere.